Ranar da Ƙasar Ojo Ta Riƙe Yayan Matata Har Ƙirji

Lokacin da wannan abu ya faru, ni ne shugaban wasu masu haƙa rami a Agege, kuma gaskiya kaina ya kumbura. Gadon sana'ar na yi. Mahaifina mai haƙa rijiya ne a ƙauyenmu na ƙasar Katsina, tun ban kai tsawon ƙotar diga ba nake riƙe masa igiya. Da na zo Legas na sauka a Agege, sai na tarar da jar ƙasa mai tauri irin ta gida, wadda in ka yanke ta take tsayawa kyam kamar bango. Fandishon gini, sokawe na ruwan banɗaki, ramin tankin ruwa, babu wanda ban haƙa ba, kuma ƙasa ba ta taɓa zubo mini ba. Akwai wata injiniya Bayarabiya da muka taɓa yi wa aiki, wadda ba ta yarda mutum ya shiga rami mai zurfi sai an tokare gefensa da katako, ƙasar da aka fitar kuma a kai ta nesa da baki. Dariya muke yi mata a bayan ido, har muka laƙaba mata uwar katako. Ni a ganina duk Legas Agege ce.

A shekarar ne yayan matata ya zo ci-rani ya shiga cikinmu. Dattijo ne mai barkwanci, bakinsa ba ya rabuwa da goro, ya bar iyali a gida. Ranar da ya fara bi na aiki, matata ta rako mu har bakin ƙofa ta ce amana ce ta ba ni, domin shi ne ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wanda yake tare da ni ko ƙaya ba za ta soke shi ba.

Ana saura kwanaki Babbar Sallah, wani Alhaji dillalin raguna ya kira ni zuwa kasuwar Alaba Rago, can Ojo. Shaguna zai gina a gefen kasuwa, yana son babban ramin sokawe. Na tambaye shi takardar izinin hukuma, tambayar fita kunya kawai. Ya ce tana hanya, kuma ma'aikata ba sa yawo ranar Asabar, mu haƙa mu rufe kafin Litinin. Na yi maganar gwajin ƙasa, ya yi dariya ya ce ashe ni ma na zama Bature. Wani tsoho mai shayi da ke kusa ya ja ni gefe ya gaya mini cewa da idonsa ya ga ana kamun kifi a wurin, fadama ce aka cike da shara da yashi. Na dubi ƙasar, ja ce jawur. Na ce wa tsohon ya ji da tukunyarsa, mu za mu ji da digarmu. Ban san motoci ne suka kawo jar ƙasar aka shimfiɗa a sama ba.

Ba mu yi nisa ba ja ta ƙare, baƙa ta fito, mai wari, haɗe da tsofaffin ledoji da silifas. Daga ita sai farin yashi mai danshi. Wannan kaɗai ya isa in dakatar da aiki, amma kunyar Alhaji da girman kai suka hana ni. Muka ci gaba da yanka gefen a tsaye, muna tara ƙasar a bakin ramin, domin haka ake yi a gida, da ita ake ɗaga bakin rijiya. Bayan azahar ramin ya wuce tsayin mutum. Na hau sama in sha ruwa, Yaya kaɗai ya rage a ƙasa yana gyara kusurwa. Ba a ji wata babbar ƙara ba. Gefe ɗaya kawai ya sulale tare da tulin da muka ɗora masa, kafin in juya Yaya ya nutse har ƙirji, hannunsa ɗaya a sama, ɗayan a binne tare da shebur. Ya buɗe baki yana neman numfashi, yashin kuwa duk fitar numfashi ƙara matse shi yake yi.

Kafin ka ce kwabo kasuwa ta taso. Mutanenmu akwai zuciyar taimako, amma kowa da dabarar gida ya zo. A wurinmu in mutum ya faɗa rijiya, igiya ake zura masa majiya ƙarfi su ja. Wani mahauci ya kawo igiyar ɗaure shanu, aka jefa, aka samu ta zarge Yaya ta ƙarƙashin hamata, samari suka jeru suka fara ja. Ihun da Yaya ya yi har yau yana kunnena. Ƙasar ba ta sake shi ba ko kaɗan, jikinsa ne ke neman rabuwa biyu. Ga jama'a sun yi cincirindo a bakin ramin, ina ganin tsaga tana buɗewa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Alhaji kuma yana ɗaga murya cewa a ja da sauri kafin labari ya kai wa hukuma.

A nan ne maganganun injiniyar nan suka dawo mini tiryan-tiryan, har da wadda ta taɓa faɗa cewa wanda ƙasa ta riƙe ba a jan sa, tone shi ake yi. Na yi ta ihu a daina, babu mai ji na. Sai na fizgi wuƙar yankan burodi daga teburin mai shayi na datse igiyar, samarin suka zube a bayansu. Wasu suka taso mini da zagi, wani ya ce so nake in kashe surukina. Na ɗauki shebur na ja layi nesa da ramin, na rantse duk wanda ya tsallake shi sai na sauke masa shebur ɗin. Ban taɓa yi wa babba tsawa ba sai ranar, domin har Alhaji sai da na kora baya. Sannan na ce katako nake so da kwanon rufi, yanzu-yanzu.

Ina za a samu katako a kasuwar raguna? Babu shi sai a jikin shingen garkuna, kuma kowa ya san abin da garke yake nufi ga dillali ana jibi-jibin Sallah. Sai wani tsohon dillali mutumin Maraɗi ya juya ya sa ƙafa ya ɓalle shingensa, ragunansa suka watse cikin kasuwa. Ya ce rago in ya ɓata a nemo shi, rai fa? Nan take sauran suka bi sahunsa. Katako da turaku da kwano suka yi ta zuwa a kan mutane, raguna na tsalle kan buhunan dusa, 'yan okada a kan baburansu na bin su suna tarewa. Matan Yarabawa masu sayar da abinci suka juye abin da ke robobinsu suka miƙo mana.

Muka zura kwano a gefen ramin, muka dafe shi da katako, muka tokare da turaku daga bango zuwa bango. Sai da na ga ya tsaya sannan na sauka ni da mutum ɗaya. Ban yarda a sa shebur kusa da jikinsa ba, da hannu da kwanon cin abinci muka yi ta yakuce yashin, muka fara da ƙirjinsa domin ya samu numfashi. A sama jama'a sun yi layi, roba na tafiya daga hannu zuwa hannu har nesa. Ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa, muna kwashewa yana dawowa. Farcena ya ɓalle ban ji ba. Da farko Yaya kalmar shahada kawai yake maimaitawa, ina kuka ina ce masa ya yafe mini. Da ƙirjinsa ya buɗe, sai ya dube ni ya ce in bar kukan nan in duba aljihunsa ko goronsa ya jiƙe. A lokacin na san Allah ya ba mu shi.

Da muka kai gwiwa muka zaro ƙafarsa a hankali, muka ɗora shi a kan katako aka ɗago shi. Kabbarar da ta tashi a kasuwar nan ban taɓa jin irinta ba ko a filin idi. Wani direban motar haya ta danfo ya sauke fasinjojinsa ya kai mu asibiti. Tsagewar ƙashi aka samu a ƙafa da targaɗe a kafaɗa, kuma likita ya ce da an ci gaba da jan igiyar da labarin ya sha bamban. Da na gaya wa matata abin da ya faru ban ɓoye komai ba. Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, sai da Yaya da kansa ya ce mata ta sassauta, wanda ya saka shi ramin shi ne ya fitar da shi.

Ranar Litinin ma'aikatan hukuma suka zo suka shafa jan fenti suka tsayar da aikin. Dole Alhaji ya bi layi ya karɓi izini, aka gwada ƙasar, aka ga ruwa na nan kusa, aka sauya tsarin ramin gaba ɗaya. Abin mamaki ni ya sake kira, kuma na yi aikin da tokare tun daga farko har muka rufe lafiya. Yanzu ina haƙa daga Agege har bakin ruwa, kuma tun ranar babu wanda ƙasa ta sake taɓawa a hannuna.

'Yan'uwana masu diga da shebur, da ku masu ba mu aiki, ku ji daga bakin wanda ya gani. Ƙasar Legas ba ɗaya ba ce, launin samanta kuma ba shaida ba ne. Kafin ku sara, ku tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin a da, ku nemi a gwada ƙasa, ku ga takardar izini da idonku. Duk mai aikin da ya ce ku yi sauri kafin hukuma ta gani, ba shi ne zai shiga ramin ba. Ku tokare gefe, ku nisanta ƙasa daga baki. In kuma Allah ya ƙaddara ƙasa ta riƙe wani, don Allah kada ku ja shi, ku kori jama'a baya ku tone shi da hannu. Yaya yana nan a gida da ƙafafunsa biyu, bana ma shi ya aiko mana da geron da muke sha.