Tarin da Ya Ɗauke Malam Isiyaku Mai Fenti

Ina Bakura, ina goge jikin wata tarakta da samfefa, sai Bala, ƙanin Malam Isiyaku, ya kira ni. "Lawali, sai haƙuri. Malam Isiyaku ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan taya.

Mun daɗe tare muna fentin tifofi da katafiloli a garejinsa na Talata Mafara. Malam bai taɓa yarda da rubutun jikin gwangwani ba. In an kawo sabon fenti, sai ya fesa a guntun ƙarfe, ya ɗora kan rufi rana ta gasa shi mako biyu, sannan ya zuba masa man dizal, ya karce da makulli. In ya ɓare, ya mayar wa mai shi. Wani mai tifa daga Maradun ya taɓa matsa masa ya tsallake shafin farko mai hana tsatsa, wai yana sauri. Malam ya ce, "Alhaji, motag ga dutse da yashi taka ɗauka. In ƙyallin wata guda kaka so, tahi wani wuri." Mutumin ya yi fushi, amma ya jira.

Abu ɗaya ne bai yi wa tanadi ba. Takunkumin hanci yana rataye a ƙusa, yakan ce yana toshe masa numfashi. Tsumma yake ɗaurawa, ni ma haka na saba.

Da tari ya kwantar da shi, na je duba shi a asibiti, na tarar ya rame, magana da ƙyar. Ya riƙe hannuna. "Na tsare ƙarhen mutane, ban tsare ƙirjina ba. Likita ya ce hayaƙin fenti na. Kai ma tahi a duba ka." Na ce to. Ban je ba.

Tun damina nake tari, matata ma ban gaya mata gaskiya ba. Da muka sa shi a kabari, tarin ya sarƙe ni har sai da na dafa kafaɗar Bala. Ya dube ni, kuma kallon nan ya fi komai tsorata ni. Gobe zan je asibitin, in Allah Ya kai mu.

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Allah Ya ba matarsa Malama Hajara haƙuri, Ya raya 'ya'yansa. Ni kuma, ya Ubangiji, ka sa ban makara ba.