Kunun Kanwar Inna Kulu

Ranar hadari ya haɗu tun hantsi amma ya ƙi zubarwa, gari ya yi ɗumi kamar an rufe tukunya. Inna Kulu tana gindin murhu a wani gidan haya a Sharaɗa, tana ƙara itace a ƙarƙashin garwar wanka.

Sana'arta ke nan tun da kamfanoni suka cinye gonar mijinta. Leburorin masaƙa da na gidan fata sun kwaso matansu daga Gumel, daga Damagaram, iyaye suna nesa. In mace ta haihu, Kulu ake kira. Ita ce tafasa ruwa, ita ce gasa jiki da ganyen darbejiya, ita ce dama kunun kanwa mai kauri. Ba ta taɓa katse wanka ba sai arba'in ta cika.

Wannan karon mai jegon autarta ce, Atika. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi sama-sama. Kulu ta ce sanyi ne ya shige ta, ta ƙara kanwa, ta ƙara wuta. Da mijin, Isyaku, ya taso daga aiki ya gan ta, sai ya je ya roƙo motar ɗaukar fata.

A asibiti likita ya zaunar da Kulu. Ya ce zuciya tsoka ce, kuma a kowane bugu musaya take yi: gishiri ya shiga, wani sinadari irin na ƙashi, wanda shi ke sa ta matsa, ya fita. Wata 'yar farar ƙwaya da zai bayar za ta rage musayar, sinadarin ya ɗan taru, matsar ta yi ƙarfi. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ga zafin wuta, zuciyar Atika ta gaji da tura jini.

"Likita, da kunun kanwar nan aka yi mini jego," in ji Kulu. "Da shi na tashi mata sun fi a ƙirga."

"Na sani, Inna. Wannan dai zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

Suka koma gida. Matan layi suna ta zunɗe, wai mai wankan 'ya'yan wasu ta bar tata da ɗanyen jiki. Kulu ta ji. Ta riƙa dama farin kunu marar kanwa, tana miƙa ƙwayar da hannunta.

Atika ta tashi, sai dai har yau ba ta ɗaukar tulu. Kulu kuwa ba ta sake yi wa kowa wanka ba. In an zo kiranta sai ta ce bayanta ke ciwo. Ta koma sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin masaƙa, har ƙafa ta gaza.

Yanzu tana Kumbotso, a gidan Isyaku. Idonta ya yi rauni, Atika ce ke kula da ita.