Na Hana Shi Shuka Saboda Fure

Assalamu alaikum matan zauren nan. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya. Kwana shida ke nan abu ɗaya yana cina a rai, daren jiya kuma ya biyo ni har cikin barci, na yi mafarkin da na kasa riƙe shi ni kaɗai.

Bari in fara faɗa muku abin da ke ƙasa. Ranar Asabar ruwan farko ya sauka mana, kowa a unguwarmu ya fita shuka ban da mu. Ni na hana maigidana, Baban Ummi. Bara ya bi mutane ya shuka da ruwan farko, ruwa ya ɗauke, geron ya tsiro ya ƙone. Bana irin da ya rage mana na cikin tulu ɗaya ne, in ya tafi babu na biyu. Ga Ummi ban daɗe da yaye ta ba, kunun gero kawai ta sani.

Kakata, Allah ya ji ƙanta, ba ta yarda da ruwan farko sai ta duba daji. Tun ina ƙarama take jana hanyar itace tana nuna mini. Marga ce ke fara zubo da furenta rawaya, sai gauɗe ya buɗe fari, bayan kwana biyu ya canja launi. Ta ce duk wannan sallama ce kawai. Sai albasar kwaɗi ta yi fure a kwari, to ƙasa ta sha ruwa har ciki, a shuka. Da aka kawo ni garin nan na tarar akwai su duka a hanyar kurmin da muke zuwa itace, kullum da safe ina bi ina dubawa. Marga ta yi, gauɗe ya yi. Albasar kwaɗi ta turo kai kamar ɗan yatsa, amma har jiya a rufe take.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Baban Ummi ya ji maganata. Ranar Talata aka sake yayyafi, geron mutane har ya leƙo. Yayyensa sun sa shi gaba a majalisa, in ya zo sai su ce a tambaye shi ko Malama ta ga wata. Inna, surukata, ta ce ita a gona ta tsufa amma ba ta taɓa jin an nemi izinin kwaɗo kafin a shuka ba. Jiya da yamma yana wanke ƙafa ya ce mini, “Gobe in na dawo daga masallacin Juma'a ki ba ni amsa. In kin ce a shuka, a shuka. In kin ce a jira, zan jira. Amma ki sani laimar ƙasa tafiya take yi.”

Da wannan na kwanta.

Sai na gan ni a hanyar kurmi da hantsi, Ummi a bayana. Babu iska ko kaɗan, amma furen marga yana ta zubo mini a ka, har ya rufe hanya, ina takawa babu ƙara. Na ji motsin mutane, na waiwaya. Sai kawai na ga mazan garin nan sun yi layi a bayana, kowa da sungumin shuka a kafaɗa, babu mai takalmi. Ga mai unguwa, ga liman, ga yayyen mijina su uku. Can ƙarshe Inna ce ɗauke da tulun irinmu a ka. In na tsaya su tsaya, in na tafi su biyo.

Muka iso wurin gauɗe. Mai unguwa ya nuna shi da baki ya ce, “Wannan fa?”

'Yan uwa, ni da ko gaisuwa nake yi a durƙushe ido a ƙasa, sai na ji muryata ta fito tas. Na ce masa wannan na shekaranjiya ne, shi ya sa ya yi rawaya, wancan farin na yau ne, kuma a sunsuna a ji, na yau ya fi ƙamshi. Na nuna musu wanda tururuwa ta fara ci, na nuna musu wanda zai buɗe gobe. Suna ta gyaɗa kai. Babban yayan mijina, shi da ya fi kowa tsokana, ya cire hularsa ya tara, na zuba masa furen a ciki, ya riƙe da hannu biyu kamar an ba shi abin sadaka. Wallahi tunda nake ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na lokacin ba. Har tafiyata ta canja. Na ji ina ma matan gidanmu suna nan su gani.

Muka ci gaba. Baban Ummi ne daf da ni. Na lura duk inda na ɗaga ƙafa sai ya jefa iri a sawuna ya rufe da diddige. Na so in ce masa ya dakata, ba mu kai kwari ba tukuna. Amma gaskiya daɗin abin ya fi ƙarfina, na ƙyale shi.

Sai kawai hanyar ta zama ta garinmu. Na gane ta da kukar nan mai tsagaggen ciki da muke ɓuya muna yara. Na gangara kwari, sai ga albasar kwaɗi ta cika shi baki da baki, duk a buɗe, fara da jan layi a tsakiyar kowane kunne, tsayinta ya kai gwiwata. Ruwa yana gudu a ƙarƙashinta a hankali. Kaka tana zaune a kan dutse ta ba ni baya, tana cuɗa ƙafarta da ruwan, da zanen saƙin nan nata.

Na ce, “Kaka, a shuka?”

Ba ta waiwayo ba. Na sake tambaya, ta ci gaba da cuɗa ƙafa.

Na juya in kira mutanen su zo su gani da idonsu, babu kowa. Ina jin tarinsu can nesa, a wancan gefen kukar, kamar sun kasa wucewa. Bayana kuma ya yi sakayau. Sai ga Ummi tsaye a gabana da ƙafarta, ta miƙo mini albasar kwaɗi guda ɗaya da ta tumɓuke. Wannan a rufe take. Ƙasar da ke jikin saiwarta ja ce irin ta garin nan, ba baƙa irin ta garinmu ba, kuma busasshiya, tana zuba ta tsakanin yatsunta. Na miƙa hannu in karɓa, sai kiran sallar asuba ya tashe ni.

Na fita tsakar gida na taɓa ƙasa, ba a yi ruwa ba. Na leƙa tulun, yana nan a rufe yadda yake.

To ga inda na rikice. Na ga albasar kwaɗi a buɗe da idona, ko hakan yana nufin lokaci ya yi? Amma a kwarin garinmu na gan ta, ta garin nan a rufe ta zo mini. Ko ana nuna mini in ƙara jira ne? Ko kuwa ana nuna mini abin da Kaka ta koya mini na ƙasarta ne, bai biyo ni nan ba, shi ya sa ta yi shiru? Shi kuma irin da Baban Ummi yake jefawa a sawuna tun ba mu kai ba, alheri ne ko asara?

Ban faɗa wa Inna ba, kun san dalili. Yanzu zan goya Ummi in je in duba ta gaske, amma in na tarar da ita a rufe ban san me zan ce wa Baban Ummi ba. Don Allah duk wadda ta san fassarar mafarki, ko take da tsohuwa a gida da ta san albasar kwaɗi, ta tambayar mini ta rubuto kafin a sauko daga masallaci.