Kunyar Ɗan Fari Ta Hana Ni Cewa Ya Zauna

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, ni matar manomi ce a Bunguɗu, ba mai yawan magana ba. Sai da na tsufa na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka ku yi haƙuri da rubutuna.

Ɗana na fari ya tafi Gusau dakon auduga, sai ya saba da filin da Turawan kamfani ke buga tanis, wasan da ake mayar wa juna ƙwallo ta saman raga. Hannunsa ya faɗa har suka ɗauke shi aiki: duk Baturen da ya rasa abokin bugu, shi ke tsaya masa. An ce har Zariya aka kai shi ya cinye wasu. To amma ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na haɗa ido da shi gaban mutane. In ya zo gida da fararen kayansa, mata su yi ta tsokanata, ni in duƙa kan tukunya. Ya taɓa aiko ƙanwarsa in je in ga bugunsa ko ta bayan shinge ne. Na ce a gaya wa wancan yaron ina da sussuka.

Daga baya kafaɗarsa ta dama ta saki. Suka sa wani a gurbinsa, ya dawo gida da damina. In ya ɗauki galma, kafin ya yi nisa sai ya aje. Samari a wurin gayya suka riƙa cewa Bature ya fito huɗa, a kawo masa kujera da shayi. Babansa ya ce mai ci da wasa ba ya iya ci da ƙasa. Ina jin komai ta bayan danga. Nakan narka man shanu in ba ƙanwarsa ta murza masa kafaɗar, in ce ta ce gwaggonsa ce ta aiko.

Wata rana da hantsi ya durƙusa ƙofar ɗakina, ya ce zai bi fatake kudu, sai fa in ni Innarsa na ce ya zauna. Matan gidan da ke daka suka tsayar da taɓarensu suna saurare. Wallahi maganar tana bakina. Sai na ji na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ɗan jira, ya tashi.

Bai dawo ba. Wani mutumin Tsafe ya ce ya gan shi yana dako a bakin teku, wani ya ce ba shi ba ne. Matan nan sun daɗe suna yabona, wai ni ce mai kunyar gaske. Yawancinsu sun rasu, yabon bai amfane ni da komai ba.

Ban ce a yar da kunya ba, 'yan'uwana iyaye mata. Amma kunya ta ranar daɗi ce. Ranar da ɗanki ya dawo a karye ya durƙusa gabanki, ki buɗe baki ki ce ya zauna, ko duk garin na kallo.