Waya Biyu a Kan Tabarmar Sarkin Noma

Ban rubuta komai a hanya ba, don haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. A yi mini uzuri.

Mun tashi da asuba, ni da direba da wata abokiyar aikina. Muna aiki ne a cibiyar nazarin hotuna da jami'o'i biyu suka haɗu suka kafa. Manomi ya ɗauki hoton ganye da waya ya turo, kwamfuta ta tantance abin da ke damun shukar. Shugabanninmu biyu ne, kowace jami'a da nata, kuma sakamako ba ya fita sai duka sun sa hannu. A iya fahimtata, an yi haka ne don kada wata jami'ar ta ce an danne ta.

A Funtua muka karya. Mai shayi ya ce ƙwai ya ƙara kuɗi, direba ya tambaye shi ko kajin ma fetur suke sha. Ni dai shayin bai wuce mini da daɗi ba. A jakata akwai sakamakon hotunan da manoman wani ƙauye kusa da Tsiga suka turo mako biyu da suka wuce. Masararsu ta yi rawaya, kuma nazari ya nuna ba cuta ba ce, ƙarancin taki ne. Shugabana ya sa hannu, ɗayan kuwa yana taro a Abuja. An aike mu mu ƙaro hotuna ne kawai, ba don mu faɗi sakamako ba.

Bayan Bakori muka sauka daga kwalta. Ruwa ya zaizaye hanya, masu babura na wuce mu suna dariya. Hagu da dama masara ce da waken suya, kore shar, sai da muka kusa ƙauyen launin ya fara dusashewa.

Sarkin noman garin, wani dattijo mai fara'a, ya shimfiɗa mana tabarma a gindin ɗorawa.

"Malam, gobe za mu sayo maganin feshi," in ji shi. "Ƙarfinmu bai kai na magani da taki duka ba. Injin naku me ya ce?"

Na ce, "Baba, ya ce wani abu, amma ba ni da izinin faɗa." Na yi masa bayanin sa hannu biyu.

Ya yi dariya. "Ni ma gandu muke nomawa da ƙanena. In ruwan shuka ya sauka yana kasuwar Danja, sai in rungume iri ina jiransa? Aika masa nake yi. Manyan naku ba su da waya ne?"

Abokiyar aikina ta kira shugaban jami'arsu da ke Abuja, ni na kira nawa. Muka ƙara muryar wayoyin, muka ajiye su gefe da gefe a kan tabarma, manoma suka kewaye. Na ce, "Ranku ya daɗe, ga halin da ake ciki." Shugabannin suka gaisa da juna tukuna, har da tambayar iyali. Sannan na Abuja ya ce, "Na yarda, a faɗa musu."

Na faɗa musu. Sarkin noma ya juya ga jama'arsa ya ce, "To, kun ji. Taki."

A hanyar dawowa, a Funtua muka ci tuwo da miyar kuɓewa a tsaitsaye, don direba ya rantse magariba ba za ta same shi a hanya ba. Mun iso gida lafiya, alhamdulillahi.

Abin da na koyo, in ban yi kuskure ba, shi ne an tsara ƙa'idarmu don zaman lafiyar ofis, ba a tuna cewa damina ba ta jira ba. Sai dai amincewa ta baki ba ta cikin ƙa'idar, ni kuma ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna. Kwamitin gudanarwar cibiyar ya nemi in yi bayani a rubuce kafin zamansa.

Don Allah duk wanda yake gindin ɗorawar nan ranar, in na yi ƙari ko ragi, ya aiko mini da gyara. Ba ni da takarda. Ku ne sa hannuna na biyu.