Majanyin da Inna ta saƙa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna, kuma har yau in an ce jego ita nake fara tunawa. A unguwarmu a Shagari, da wuya ka sami jaririn da bai ɗanɗana bayanta ba.

Da na sami ciki bayan dogon jira, da hannunta ta saƙa majanyi. Sai na haifi bakwaini, mace. Aka wuce da mu babban asibiti a Sakkwato, aka sa yarinyar a kwalba. Ni kaɗai ake bari in shiga, in tatsi nono in fito. Inna kuwa sai zaman baranda, majanyi ninke a cinya. Mace mai faɗa kamar ta ari baki, amma a nan ta yi laushi. Sau ɗaya na ji ta tambayi wata nas: "Ɗiyata, ƙaƙa jinjiri ka sanin nashi in ba su taɓa shi ba?" Nas ta ce tsoron cuta ake yi. Gaskiyarta ce, ban riƙe ta a zuci ba.

Yarinyar ba ta zo da kwana ba. Inna ba ta ɗauki jikarta ba sai ranar da ta yi mata wankan ƙarshe. Bayan shekara ita ma ta bi ta, ni kuma Allah bai sake ba ni haihuwa ba. Gidan ya yi mini faɗi.

Bana Hadiza, 'yar maƙwabtana da ke aure a Bodinga, ta haifi bakwaini. Abin ya canja: yanzu a kan ƙirjin uwa ake kwantar da jariri, fata da fata, a ɗaure da zane, in ta gaji wata ta wanke hannu ta karɓe ta. Hadiza ba ta da uwa, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, sai na tafi. Da Inna na raye, na san dariya za ta yi ta ce: "Wanga ai goyo na, an dai maishe shi gaba!"

Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar jika ba. Majanyin nan ta bari, ni kuma na ciro shi daga ƙasan akwati na wanke. Da na ɗaure yaron Hadiza a ƙirjina da shi, ina jin numfashinsa a fatata, na yi kukan da ban yi ba a barandar nan. Allah Ya jiƙanki, Inna. Majanyinki ya yi goyonsa na farko.