Mai Baiti Ɗaya

Na taɓa tuƙa wasu mawaƙa mata 'yan Koriya zuwa wurin wasa a nan ƙasar Larabawa. Suna gwaji a mota, na lura ta kujerar baya baiti ɗaya take rerawa ta yi shiru. A can gida wajenmu akwai mawaƙi, akwai 'yan amshi. Wannan rabon ban san shi ba.

Na tambayi tafintansu, "Ta bayan nan laifi ta yi?"

Ya ce, "Habibi, kamfani ke rabawa. Mai yawan masoya ke kwasar babban kaso."

"In aka karɓe baiti ɗayan nata fa?"

"Khalas, shi ke nan, sai gida."

Wannan kam na gane, ni ma aiki ya kawo ni. Na tsaya bakin ƙofar wasan, sai da na ji baitinta sannan na koma mota.

Yanzu leburori nake ɗauka a Sonapur, unguwar baƙin ma'aikata.